Awa takwas a San Luis Obispo: majinyacin da bai cika da wuri ba, da likitan dashen da ya tsaya gaban kotu

Da daren Juma'a, 3 ga Fabrairun 2006, aka turo gadon wani matashi mai shekara 25, Ruben Navarro, daga sashen masu tsananin jinya zuwa ɗakin tiyata na asibitin Sierra Vista da ke San Luis Obispo a jihar Kalifoniya ta Amurka. Babu wanda ke ɗakin da yake sa ran zai tashi. Shirin da aka yi shi ne a zare masa na'urar numfashi, a jira zuciyarsa ta tsaya, a ƙara 'yan mintoci, sannan likitocin da suka zo daga San Faransisko su ciri ƙodojinsa da hantarsa don a dasa wa masu jira. An zare na'urar, amma zuciyar ta ci gaba da bugawa. Sai da aka shafe kusan awa takwas, gari ya waye, sannan rai ya yi halinsa. A lokacin gaɓoɓin sun riga sun tashi daga aiki, ba a ɗauki ko ɗaya ba.

Abin da ya faru cikin sa'ar farko bayan zare na'urar shi ya kai likitan dashe Hootan Roozrokh gaban kotu. Shi ne likitan dashe na farko a Amurka da aka gurfanar da tuhumar aikata babban laifi a kan yadda aka nemi gaɓoɓin majinyaci. Kotu ta wanke shi. Duk da haka, wanda ya bi shari'ar daki-daki zai ga cewa wankewar ba ta amsa tambayar da ta fi nauyi ba: a cikin mutanen da suka cika ɗakin nan, wane ne likitan Ruben?

Mutuwa iri biyu a idon likita

Mafi yawanmu abin da muka sani game da dashe shi ne na ƙoda, inda ɗan'uwa mai rai ke ba ɗan'uwansa guda ɗaya bayan an gaji da zaryar wankin ƙoda, irin wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke yi tun 2002. Karɓar gaɓa daga mamaci wani fage ne daban, kuma komai nasa ya rataya ne a kan ƙa'ida guda: ba a cirar gaɓar da rai ya dogara da ita sai mutum ya mutu, kuma cirar ba za ta zama sanadin mutuwarsa ba.

Matsalar ita ce gaɓa tana fara lalacewa da zarar jini ya daina kai mata iska. Shi ya sa tun da wani kwamiti na jami'ar Harvard ya fitar da ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa a 1968, likitocin dashe suka karkata ga masu irin wannan mutuwa. Ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya, doka ta ce mutum ya rasu, amma na'ura tana hura huhu, zuciya tana harba jini, ƙoda da hanta suna nan lafiya har zuwa lokacin da za a ɗauke su. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma ta amince da wannan ma'auni a zamanta na birnin Amman a 1986, ko da yake har gobe akwai malaman da ke da ja a kai.

Masu mutuwar ƙwaƙwalwa ba su da yawa, masu jira kuwa dubbai ne. Sai aka koma wa tsohuwar hanya da sabon tsari. A 1992 asibitin jami'ar Pittsburgh ya rubuta ƙa'idar karɓar gaɓoɓi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta yi mummunan rauni amma ba ta mutu ba, iyalinsa kuma sun riga sun yanke shawarar a dakatar da na'urorin da ke riƙe da shi. Ana zare na'urar a ɗakin tiyata ko kusa da shi. Idan zuciya ta tsaya, a dakata ba mai taɓa shi, don a tabbatar ba za ta farfaɗo da kanta ba. Pittsburgh ta ce minti biyu. Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ba da shawarar minti biyar a 1997. Bayan nan likitan da ke jinyarsa ya bayyana rasuwarsa, sai masu dashe su shigo da sauri.

A nan agogo ke shigowa. Daga zare na'ura zuwa tsayawar zuciya, jini yana raguwa, iska tana ƙaranci, gaɓoɓi suna shan wahala. Hanta ba ta jure fiye da kamar rabin awa a wannan hali, ƙoda takan kai awa ɗaya ko fiye kaɗan. Idan majinyaci ya wuce wannan wa'adi yana numfashi, an fasa ke nan, a mayar da shi ɗaki ya ƙarasa kwanansa cikin kulawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wannan aiki, yana faruwa sau da yawa, kuma akan gaya wa iyali tun farko.

Saboda wannan agogon ne aka gina katanga tsakanin likitoci biyu. Mai jinya shi ke zare na'ura, shi ke ba da maganin rage raɗaɗi, shi ke faɗin an cika. Mai dashe yana waje har sai an kira shi. Dokar bayar da sassan jiki da jihohin Amurka ke bi ta hana likitan da ya halarci mutuwa ko ya tabbatar da lokacinta sa hannu a cira ko dashe. Ba wai an ɗauki likitan dashe kura ce da ba a ba ta ajiyar nama ba. Mutum ne da ya baro majinyatansa a wani gari suna jiran hanta, kuma ko waliyyi ne, idonsa zai riƙa kai wa agogo.

Yadda Ruben ya iso ɗakin

Tun yana ɗan shekara tara aka gano yana da ciwon gado da likitoci ke taƙaitawa da ALD, wanda ke cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma yara maza ya fi kamawa. Da ya shiga shekarunsa na ashirin jiki da hankali sun ja baya sosai, har aka kai shi gidan kula da naƙasassu a San Luis Obispo. Nauyinsa bai wuce kilo 36 ba. Ranar 29 ga Janairun 2006 aka same shi ba ya numfashi, zuciya ta tsaya. An farfaɗo da shi, aka garzaya da shi Sierra Vista, amma rashin iska ya riga ya yi wa ƙwaƙwalwa ɓarnar da likitoci suka ce ba ta gyaruwa. Bai cika sharuɗɗan mutuwar ƙwaƙwalwa ba.

Mahaifiyarsa ta taso daga Oxnard, tafiyar sama da kilomita 200. Mace ce mai ƙaramin ƙarfi, ita ma ba ta da cikakkiyar lafiya. An gaya mata ɗanta ba zai tashi ba, aka kuma nemi ta yarda a ba da gaɓoɓinsa, ta yarda. Daga baya ta shaida wa 'yan jarida cewa ko kuɗin ƙara kwana ɗaya a garin ba ta da su. Wannan ƙaramin bayani ba ya cikin tuhumar da aka karanta a kotu, amma a ganina yana cikin ginshiƙan lamarin. Majinyacin da danginsa suka cika baranda, wani na shiga wani na fita, ana tambayar nas me aka ba shi, ba a yi masa abin da ake yi wa wanda ba kowa a bakin ƙofarsa. A daren nan Ruben ba shi da mai tambaya.

San Luis Obispo gari ne da a lokacin yake da mutum kusan 45,000, a gaɓar tekun Kalifoniya ta tsakiya, kusan rabin hanya tsakanin Los Anjeles da San Faransisko. Garin jami'a ne mai natsuwa. Sierra Vista asibiti ne da ke biyan buƙatar garin, amma ba a dashe a cikinsa, kuma ma'aikatansa ba su saba da karɓar gaɓoɓi bayan tsayawar zuciya ba. A wancan lokaci ma a duk faɗin Amurka irin wannan bayarwa ba ta kai ɗaya cikin goma na mamatan da aka karɓi gaɓoɓinsu ba. Ƙungiyar da ke tattara gaɓoɓi a yankin, California Transplant Donor Network, ita ta turo tawaga: jami'ar tsare-tsare da likitocin fiɗa biyu daga rukunin asibitocin Kaiser Permanente. Ɗaya daga cikinsu shi ne Roozrokh, haifaffen Iran da ya tashi a Wiskonsin, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda bai daɗe da kammala horon dashe a jami'ar Stanford ba.

Cikin ɗakin tiyata

Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne likitocin dashe suna cikin ɗakin lokacin da aka zare na'urar, alhali ƙa'ida ta ce su kasance a waje. Ba a kuma yi jayayya cewa Roozrokh ne ya riƙa faɗin maganin da za a bayar ba. Binciken hukumomi ya nuna an yi wa Ruben allurar mofin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, miligiram 200, da Ativan, maganin kwantar da hankali, miligiram 80. Don a gane girman wannan adadi: babban mutum da bai saba da mofin ba akan fara masa da miligiram 2 zuwa 10 ta jijiya, Ativan kuma 1 zuwa 4. An kuma zuba masa Betadine, ruwan aidin ɗin nan na wanke rauni, ta bututun da ke shiga ciki. Wata nas da ta tsaya kallo, don ba ta taɓa ganin irin aikin ba, ta gaya wa 'yan sanda cewa da Ruben ya ci gaba da numfashi, ta ji likitan ya ce a ƙara masa “alewa”, yana nufin maganin. Wannan kalma ita jaridu suka fi ɗauka, ita ta bi Roozrokh har cikin kotu.

Likitar asibitin da ya kamata ta riƙe ragama tana ɗakin. Shaidun da aka saurara sun nuna ba ta taɓa halartar irin wannan aiki ba, kuma ta bar wa baƙin jan akalar, a zatonta su ne masana. Nas ɗin da ke tura allurar ita ma umarni take bi. Jami'ar tsare-tsare, wadda aikinta ne ta ga an bi ƙa'ida, ba ta fitar da likitocin dashen ba. Kowa ya ɗauka wani ne ke da alhaki.

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin asibiti ya san wannan yanayi. Babban likita ya zo daga birni da tsakar dare, da tawagarsa da akwatunan ƙanƙara, kai kuma ba ka taɓa ganin aikin ba. Ba sai an ce ka matsa ba, da kanka za ka ja baya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sai dai a nan ban tabbata ƙadangaren ya shiga da niyyar ɓarna ba. Ya tarar da wuri babu kowa ne, ya tsaya a ciki, kuma shi ne mutum ɗaya tak a ɗakin da ƙa'ida ta hana tsayawa a wurin.

Da wa'adi ya wuce aka fasa aikin, aka mayar da Ruben sashen masu tsananin jinya. Ya cika da safiyar Asabar, 4 ga Fabrairu, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 26. Ma'aikatan jinya da abin ya tsaya musu a rai ne suka kai ƙorafi, daga nan bincike ya tashi. Jami'in binciken gawa ya rubuta cewa mutuwar ta ɗabi'a ce. Jama'a ba su ji labarin sosai ba sai farkon 2007, da jaridar Los Angeles Times ta buga shi.

A gaban alƙali

A ƙarshen Yulin 2007 masu gabatar da ƙara na gundumar suka tuhumi Roozrokh da manyan laifuka uku: cin zarafin baligin da ke ƙarƙashin kulawar wasu, ba shi abu mai cutarwa, wato Betadine, da rubuta magani mai ƙarfi ba bisa dalilin jinya ba. Ba su tuhume shi da kisa ba, domin ba su da hujjar cewa maganin ne ya kashe shi. Mutumin ya rayu awanni bayan allurar ƙarshe. A Maris 2008 alƙali Martin Tangeman ya yi watsi da tuhuma biyu, ya bar ta cin zarafi, wadda hukuncinta zai iya kai shekara huɗu a gidan yari.

Hujjar masu ƙara a fili take. Sun ce wannan adadin magani ga mutum mai kilo 36, daga bakin likitan da ke jiran hantarsa, cikin sa'ar da agogo ke gudu, ba shi da wata fassara sai gaggauta ajali.

Lauyan da ya kare shi, Gerald Schwartzbach, ya bi ta wata hanya. Ruben ya daɗe yana shan magungunan rage ciwo masu ƙarfi, jikinsa ya saba, don haka adadin da zai kwantar da wani ba lalle ya isa gare shi ba. Wanda aka zare wa na'ura kuma yana iya shiga ƙuncin numfashi mai tsanani ba tare da ya iya nunawa ba. Roozrokh da kansa ya hau ya ba da shaida, ya ce ya ba da umarnin ne don kada Ruben ya wahala, ganin waɗanda aikin ya rataya a wuyansu ba su yi ba. Babbar hujjarsu kuwa ita ce awannin da Ruben ya ƙara a raye: idan nufin kisa ne, ga shi bai mutu a lokacin ba.

Akwai tsohuwar ƙa'ida a ɗa'ar likitanci da wannan shari'a ta tsaya a kanta. An yarda likita ya ba mai gargara maganin da zai sauƙaƙa masa, ko da maganin zai iya rage masa awanni, matuƙar sauƙin ake nufi ba mutuwar ba. Allura ɗaya ce, adadi ɗaya, hannu ɗaya. Niyya ce kawai ta raba jinƙai da laifi. Niyya kuwa tana cikin zuciya. Hanyar da asibiti ke bi ya nuna ta a zahiri ita ce rubutu: an ga numfashi ya ƙaru zuwa kaza, an ga fuska ta ɗaure, aka ba da kaza, aka jira, aka sake dubawa. Sai kuma a tabbatar wanda ke ba da umarnin ba shi da wata riba a mutuwar. A daren 3 ga Fabrairu an rasa na biyun gaba ɗaya, shi ya sa ko da Roozrokh gaskiya ya faɗa, kuma mai yiwuwa ne gaskiyar ya faɗa, babu yadda za a yi mahaifiyar Ruben ta tabbatar.

Ranar 18 ga Disambar 2008 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba shi da laifi. Sun haɗa da wata takarda da aka karanta a kotu, abin da ba a saba gani ba, inda suka ce shari'ar ta nuna irin wannan bayarwa tana matuƙar buƙatar ƙa'idoji bayyanannu, kuma gyara su zai zama abin da Ruben ya bari. A nawa karatun hukuncin daidai ne. Kotun laifi tana neman hujjar da ba ta bar kokwanto ba, kokwanto kuwa ya cika wannan lamari. Kuskuren masu ƙara shi ne sun tattara gazawar asibiti da ta ƙungiyar tattara gaɓoɓi da ta likitar da ke bakin aiki, suka ɗora wa mutum ɗaya. Kuskuren masu murnar wankewar kuma shi ne sun ɗauka an ce abin da aka yi daidai ne. Ba a ce haka ba.

Bayan shari'a

Wasu gyare-gyaren sun riga hukuncin zuwa. Daga Janairun 2007 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta wajabta musu su kasance da rubutacciyar manufa a kan bayar da gaɓoɓi bayan tsayawar zuciya, cibiyar rabon gaɓoɓi ta ƙasa kuma ta fitar da abubuwan da dole kowace ƙa'ida ta ƙunsa, ciki har da cewa masu dashe ba sa halartar zare na'ura kuma ba sa ba da umarnin magani. Asibitin Sierra Vista ya sasanta da mahaifiyar Ruben a kan dala 250,000 ba tare da amsa laifi ba.

Masana dashe sun ji tsoron shari'ar za ta sa mutane su janye daga bayarwa. Hakan bai faru ba. Irin wannan bayarwa ta yi ta ƙaruwa har ta haura kashi ɗaya cikin uku na mamatan da ake karɓar gaɓoɓinsu a Amurka, an ma kai ga dasa zuciyar da ta riga ta tsaya, da taimakon na'urorin da ke sake zagaya mata jini. Dubban mutane suna raye yau ta wannan hanya, kuma ba daidai ba ne a karanta labarin Ruben a manta da su. Amma ƙaruwar tana nufin aikin yana ƙara isa ƙananan asibitoci, inda nas ko likita zai iya shekara bai ga irinsa ba.

A Oktoban 2021, a wani ƙaramin gari mai suna Richmond a jihar Kentaki, an kai wani mutum da ya sha ƙwaya fiye da kima ɗakin tiyata a kan irin wannan shiri. Ya riƙa motsi, hawaye na zuba, ana ganin alamun yana farfaɗowa. Ma'aikatan da suka ba da labari daga baya sun ce an samu matsin a ci gaba daga ɓangaren ƙungiyar tattara gaɓoɓi, ita kuma ta musanta. Binciken gwamnatin tarayya da aka bayyana a 2025 ya duba lamura 351 na wannan ƙungiya inda aka ba da izinin bayarwa amma ba a kammala ba, ya sami abin damuwa a 103. A ranar ta Richmond, likitocin asibitin da aka kira su zare na'ura su tabbatar da mutuwa sun ce ba za su yi ba. Aka mayar da mutumin ɗaki, daga baya aka sallame shi, 'yar'uwarsa ta tafi da shi gida.